Mayafin Majigi

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

An dawo hutu. 'Yan aji biyu sun dawo da kai fanko kamar kullum. Na tambaye su aikin zuciya a jikin mutum, suka zuba min ido kamar na yi musu Larabci.

An haɗa ni da 'yar bautar ƙasan nan, Theresa, wai ta riƙa taya ni darasin kimiyya. 'Yar Zonkwa ce. Tun bara take makarantar, amma a ofis aka dasa ta tana buga takardu. Siririya, ga sauri, ga tambaya. Mama take ce min. To, za mu gani.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yarinyar nan ta ƙyalla ido ta ga majigin da ke ofishin shugaban makaranta, Malam Ishaku. Tsofaffin ɗalibai ne suka kawo shi shekarun baya, da kwamfutarsa da batirin sola. Matarsa ta ɗinka masa mayafi na farin yadi, har da fulawa a gefe. Tun ranar yake kan tebur a lulluɓe. In baƙi sun zo a ɗaga mayafin, su ce masha Allah, a mayar.

Ni ban taɓa ganin laifin haka ba. Ai haka ake yi wa abu mai daraja. Farantan mahaifiyata har ta koma ga Allah ba su san ɗumin tuwo ba.

Theresa ta ce, "Mama, wannan abu ba ado ba ne fa." Na ce je ki faɗa wa mai shi. Wallahi sai ta tafi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ya ba ta! Da sharaɗi dai: a ajina kaɗai, a gabana, kuma ranar da ta gama bautar ƙasa a watan Yuli majigi zai koma tebur. Sai fa in an sami malamin dindindin da zai iya sarrafa shi da kansa. Ya faɗi haka yana kallona yana murmushi, don ya san ko wayata 'yata Hidaya ce ke saka min lambobi in ta dawo daga jami'a a Gidan Kwano.

Laraba, 14 ga Mayu

Yau na ga zuciya tana bugawa.

Bari in rubuta a hankali. Tun ina budurwa nake zana zuciya a allo. Ina iya zana ta ido rufe, ɗaki huɗu, kibiya nan, kibiya can, jan alli da shuɗi. Amma ban taɓa ganin yadda take matsewa ta saki ba. Yau ga ta a bangon ajina, ƙofofinta na buɗewa suna rufewa, jini na wucewa. Bangon duk dauɗa da zanen biro, hoton bai fita sosai ba, duk da haka ajin ya yi tsit. Har jirgi ya wuce ta kanmu zai sauka, ba wanda ya leƙa taga. Ban taɓa ganin haka ba a makarantar nan.

Abin da ya fi burge ni ba hoton ba ne. Na ɗauka za ta kunna musu su yi ta kallo kamar gidan ƙwallo. Ina! Kaɗan ya yi ta tsayar. Ta ce kowa ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Ta ce, "Yanzu jinin nan ina zai je? Kar wanda ya duba littafi." Suka yi ta gardama. Sai ta saki hoton ya ba su amsa. Daga nan ta kashe gaba ɗaya, ta miƙo min alli, ta ce, "Mama, ki zana musu naki." Na zana. Karon farko da na ga suna bin kibiyoyina da fahimta.

Ni ma na ɗora hannu a ƙirjina, a ƙarƙashin mayafi, kada su gani.

Talata, 20 ga Mayu

Maigida ya ce kwana biyun nan ba ni da hira sai Theresa. Ƙarya yake yi. Na yi masa maganar tsadar tumatir ma.

Litinin, 26 ga Mayu

Darasin makamashi. A littafi misalin da suka bayar wani jirgin ƙasa ne na ƙasar da ko sunanta yara ba sa iya faɗa. Theresa ba ta bi ta kansa ba. Ashe ranar Asabar ta zaga gari da wayarta tana ɗaukar hoto mai motsi. Ta ɗauko mai walda, ta ɗauko fankar masallaci, ta ɗauko injin markaɗe yana cin tattasai.

Injin na fitowa a bango sai Kafayatu ta miƙe tsaye. Kafayatu da zango biyu ban ji muryarta ba, kullum tana can baya jikin taga. Ta ce, "Na mamana ne!" Aji ya kwashe da dariya. Theresa ba ta bari ta zauna ba. Ta ce tunda naku ne, zo ki gaya mana. Yarinyar ta fito, ta nuna inda ake zuba fetur, ta nuna bel, ta ce in bel ya saki injin zai yi ta ihu ne a banza, dutse ba zai juya ba. Da Hausarta mai gauraye da Yarbanci ta bayyana abin da na shirya yin sati guda a kansa.

Na tambayi Theresa wa ya koya mata wannan dabara. Ta ce ba kowa, ita dai ta tuna yadda littafi ke gundurarta tana ƙarama.

Allah Ya yi wa iyayen yarinyar nan albarka.

Laraba, 28 ga Mayu

Hadari tun safe, batir bai sha rana ba, majigi ya ƙi tashi. Na ce a raina yau zan ga ƙarshen wayo. Ko a jikinta. Ta raba su rukuni-rukuni, ta sa suka yi wasan jini: waɗannan huhu, waɗannan zuciya, sauran suna zagayawa da jajayen murafan roba. Ta ce min, "Mama, injin mataimaki ne kawai, malami ke aiki."

Litinin, 2 ga Yuni

Ta fara matsa min in koya. Na ce idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Ta ƙara girmansu. Na ce wayoyin sun yi yawa. Ta ciro jan farce daga jakarta ta ɗiga a bakin waya, ta ɗiga a ramin da za ta shiga, ta ce ja ya bi ja. Na ce bayan Sallah.

Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ba tsoron injin ba, tsoron yara. Na koyar da iyayen wasunsu. Ba zan tsaya a gabansu ina laluben maɓalli suna ƙunshe dariya ba.

Talata, 17 ga Yuni

Na ji kunya yau, kunyar da ban ji irinta ba tun ina ɗaliba.

An kira Theresa ofishinsu na 'yan bautar ƙasa, ta bar min komai a haɗe, ta ce maɓalli ɗaya kawai zan danna. Na danna, ya kama. Har na fara jin kaina. Sai na tsaya zan yi rubutu a allo, na ga ƙurar alli na sauka a kan majigin. Kayan mutane, amana. Na ɗauko mayafinsa na lulluɓe shi tsaf, na bar idon kawai a waje. Ina cikin bayani sai na ji wani wari-wari, hoto ya ɗauke ɗif, wata jar fitila ta kama ƙiftawa.

Yara suka ce, "Malama ta kashe shi!" Wani har da salati. Na daka musu tsawa. Malam Ishaku ya zo da kansa, ya taɓa ya ji zafi. Ya naɗe mayafin a hannu ya ce, "Malama Talatu, kin ga abin da nake gudu." Da ma zagina ya yi.

Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Bai mutu ba. Theresa ta kunna ya tashi lafiya lau. Wai in ya ji zafi ya yi yawa kashe kansa yake yi kafin ya ƙone. Ta kama hannuna ta kai gefensa, na ji iska mai ɗumi na fitowa. Ta ce, "Mama, numfashi yake yi. In kin rufe shi, kin toshe masa hanci."

Na jira ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta je ta gaya wa Malam Ishaku wai laifinta ne da ba ta faɗa min ba. Na ce mata kar ta ƙara ɗaukar min laifi, ni ba yarinya ba ce. Ta ce, "To Mama, gobe sai ki kunna da kanki." Ka ji 'yar nema.

Na ce ba zan sake taɓa shi ba, kuma da gaske nake.

Laraba, 25 ga Yuni

Ta je Zungeru ta ɗauko musu hoton ruwan madatsa daga nesa, don darasin yadda ake samun lantarki. A motar haya, a wannan hanya, ranar hutunta. Ba wanda ya aike ta, ba wanda zai ba ta maki a kai.

Kafayatu ta dawo layin gaba. Yau ta tambaye ni, "Malama, in Anti ta tafi, shi ke nan?" Na ce ta buɗe littafinta.

Alhamis, 3 ga Yuli

An yi wa Theresa walima a ɗakin malamai, zoɓo da cincin. Malam Ishaku ya yi jawabi mai tsawo, ya yabe ta, kuma kowace kalma ta cancanta. Ana tashi ya aika aka ɗauko majigi. Ta tagar ofis na ga yana gyara masa zaman mayafi, fulawar na fuskantar ƙofa.

Na raka ta bakin titi. Na ba ta turmin atamfa, ta rungume ni a gaban 'yan acaɓa. Ta ce duk darussan suna cikin kwamfutar, ta jera su sati-sati, kowanne da sunana a kai. Na ce wa ya sa ki? Ta ce, "Abeg Mama, kar ki bari ya koma barci." Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Sai da motar ta ɓace na lura ta bar kwalbar jan farcen a jakata.

Litinin, 7 ga Yuli

Bita. Na zana tsarin numfashi a allo, ya yi kyau kuwa. Suka kwafa shiru. Jirgi ya wuce, rabin aji suka leƙa taga.

Talata, 8 ga Yuli

Kafayatu ta koma baya.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ba wani abu yau. Ruwa da safe, rana ta fito wajen ƙarfe goma, batir ya samu.

Na biya ofis karɓar alli. Tunda na riga na shiga, na ce wa Malam Ishaku a ba ni majigin, bita kawai zan yi musu, jarrabawa ta matso. Ya ce, "Ke da kanki?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da wa kake gani a bayana?" Ya biyo ni har aji, ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya.

Ja ya bi ja. Na danna. Hoton ya fito a karkace, rabi a silin. Aka fara ƙus-ƙus. Na juyo na ce duk wanda ya san gyaransa ya fito, wanda bai sani ba ya rufe min baki. Kafayatu ta taso daga baya ta murɗa ƙafar injin, ya daidaita. Ban mutu ba. Na tsayar da huhun a tsakiya, na ce kowa ya ja numfashi ya riƙe, yanzu iskar nan ina za ta? Suka kaure da gardama. Ban san sanda Malam Ishaku ya shigo ya zauna a benci ba.

Da aka tashi na jira fankar injin ta yi shiru kafin na zare waya. Malam Ishaku ya miƙo hannu zai karɓi mayafin, na ce a'a, wannan ina da aiki da shi, bangon nan ya yi dauɗa da yawa. Na aika aka karɓo ƙusa wajen maigadi. Malam Ishaku na tsaye aka buga mayafin a bango, fulawar matarsa ta zagaye gefe. Na sake kunnawa don gwaji. Huhun ya fito fes, har ƙananan jijiyoyi.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To yanzu da me za a rufe shi?" Na ce gobe ma ina da darasi.

Ba wai na iya ba ne. Kafin a turo wata 'yar bautar ƙasar ne kawai.

In Hidaya ta zo ranar Asabar zan sa ta nuna min yadda ake ɗaukar hoto mai motsi da waya. Akwai wani mai facin taya a bakin layinmu, famfon iskarsa zai yi daidai da darasin sati mai zuwa.