Ba Komai a Ƙarshen Baiti

Zuwa ga mai ɗakina, Maman yara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara, da Inna da ciwon gwiwarta. Ni ma lafiya, sai dai gyambon cikin nan ya motsa, kuma abin da ya motsa shi ne ya sa na ɗauki biro.

Kin san har yanzu aikina a makarantar nan na gwaji ne. Ba ni da takardar jami'a. Adabin da nake koyarwa a ƙasidun tambaya da amsa na koye shi, har malamin lissafi ya laƙaba mini Malam Ƙasida. A ƙarshen zangon nan shugaban sashe zai duba yadda na ba da maki a jarrabawar 'yan ajin ƙarshe, kuma da abin da ya gani za a tabbatar da ni ko a sallame ni.

Waƙar da aka yi musu tambaya a kanta, kukan wata mace ce da wanta ya sare bishiyar da mahaifiyarsu ta shuka a tsakar gida. Kowane baiti da "ba komai" take rufe shi. Amsar da sashe ya tsara, wadda ta yi daidai da ƙasidata, ita ce jigon waƙar haƙuri ne da yafiya. Haka ajin ya rubuta, ni kuma na yi ta zuba maki hankali kwance.

Sai na iso kan takardar wata yarinya mai gilashi da ke zama kusa da taga. Ita ta ce jigon fushi ne. Hujjarta, wanda ya yafe, sau ɗaya yake cewa ba komai ya wuce; mai maimaitawa kuwa, da komai. Ta nuna yadda baitocin suke ƙara gajarcewa, kamar mai magana da haƙora a cije, da yadda matar ta daina kiran wan nata Yaya tun daga tsakiyar waƙar. Na koma na bi layi-layi da yatsa. Wallahi ta daina.

Idan na bi amsar sashe, yarinyar ta faɗi darasin. Idan na bi idona, na saɓa wa mutumin da abincinmu ke hannunsa. Malamin lissafi ya ce in rufa wa kaina asiri, wai tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Takardar tana nan kan teburina, jan biro kwance a kanta.

Ki gaishe da Inna, ki sa ni a addu'a.

Naki,
Baban yara

Zuwa ga mai ɗakina, Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Na ji daɗi da tarin Auta ya yi sauƙi. Saƙonki ya iso, inda kika ce in yi abin da zai bar ni in yi barci. To, na yi, barcin ne dai bai zo ba.

Na ba yarinyar makin da ya fi na kowa, na kuma rubuta dalilina a gefen takardar, don kada a ce kuskuren hannu ne.

Shugaban sashe ya kira ni ofishinsa. Bai nuna mini kujera ba. Ya karanta takardar, leɓensa na motsi, fanka tana ɗaga gefenta yana dannewa da tafin hannu. Ya tambaye ni ko na san wanda ya tsara amsar. Na ce shi ne. Ya ce ashe yanzu ɗaliba ce za ta yi wa sashe gyara. Cikin ladabi na ce ba ɗalibar ba ce, waƙar ce, na roƙe shi ya duba inda Yaya ya ɓace. Littafin waƙar yana gabansa, bai buɗe ba. Ya yi murmushi ya ce ba komai.

Da na kai bakin ƙofa na juyo na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Washegari muka haɗu a baranda, na fara yi masa bayani, ya tare ni da ba komai, a gajarce, ko tsayawa bai yi ba. Malamin lissafi ya dafa kafaɗata yana dariya, wai ka ga, Ƙasida, har ya yafe maka. Da a bara ne, da ni ma haka zan fassara. Amma tun ranar da na shiga ofishin nan, mutumin bai sake kirana Malam ba.

Saboda haka na fara ɗaure kayana. Ƙasidun na zuba su a kwali. Ban san ko zan taho da su ba. Makin yarinyar ya shiga, ba mai iya janye shi, jiya ma ta gaishe ni ba ta san komai ba. Kada ki faɗa wa Inna tukuna, ki bari in zo in faɗa mata da bakina.

Alfarma ɗaya nake nema. Ranar da kika gan ni na sauko daga mota da jakata, ki yi faɗa, ki yi kuka, ki faɗa mini duk abin da ya zo bakinki. Amma don Allah, kada ki ce mini ba komai.

Mijinki har kullum,
Baban yara