Saƙon da Ban Buɗe Ba

Aminina Iro,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ɗan ajamin da muka tsinta a zauren Malam nake lallaɓa rubutun.

Labarin gida: gero ya yi, amma ba mai zuwa yankan na nesa. Rabin Yasore sun koma Batsari. Ni ina nan. In na tashi, wa zai nuna wa jikokinmu iyakar gonaki da inda aka binne kowa?

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ka tuna wayar shafa da Hadiza 'yata ta kawo mini, na ce ban yi boko ba, ba ni taɓa ta? A ƙwarya na kife ta. Ranar da ka biyo ta ƙofata za ka gona, ta yi ƙara kana tsaye. Har ka yi mini tsiya, wai amaryata na kira. Saƙon murya ne daga ɗan Arɗo, cewa an ga mutanen daji kan babura ta hanyar fadama. Ban san inda ake dannawa ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na ce maka a sauka lafiya. Sai bayan mun binne ka Hadiza ta kunna mini.

Da na danna, Iro, da kana nan?

Yanzu ta gyara mini ita. Ta cire sunaye ta sa hotuna: Arɗo farin bijiminsa, Liman allonsa. Ta ɗiga jan farce a gefe, daidai inda zan ɗora yatsa. Ashe abin ke nan. Ɗigo ɗaya.

Tana cikin aljihuna ko masallaci za ni. Duk ta yi ƙara sai in zaro ta da sauri. Idan caji ya ƙare fa? Idan kunnena ya ci amanata? Shekaranjiya saƙo ya zo da hantsi, na danna, na ji an sake ganin mutanen dajin. Na fita ba takalmi, na tare mutum uku a bakin gari, har da Lawal ɗanka da lauje a kafaɗa. Ya koma gida. Bai san dalilin kukana ba, ni kuma na kasa gaya masa.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

Naka,
Sada, mai taurin kan nan da ka sani