Mutum Sha Biyar a Aljihun Injiniya

Lahadi, 6 Maris 2016
Shekara huɗu ina tuƙa Injiniya Folka, Bajamushen da ke duba ginin kamfaninmu a Dir'iyya, nan Saudiyya, kullum labarin ɗaya ne: kulob ɗin rugbi na garinsu. Ƙwallo mai siffar ƙwai, ƙattai na kokawa a kanta, wai wasa. Sau shida suka ɗauki kofin ƙasa. Sai masana'antar garin ta rufe, samari suka watse, aka sayar da filin. Hoton 'yan wasansu sha biyar na 1974, har da shi a ciki, ba ya rabuwa da aljihunsa. Duk wanda ya mutu sai ya ɗiga masa jan biro a ƙirji. Yau ya ɗiga na sha uku. Saura shi da wani Ekat.

Litinin, 21 Maris
Injiniya ya kira ni Ekat. Sau biyu. Na amsa, me zan ce?

Alhamis, 24 Maris
A ƙofar ofis ya tsaya, ya rasa inda yake. Na jawo shi mota na fara jero masa sunayen 'yan hoton, tun da kunnena ya haddace su: Bodo mai karyayyen hanci, Hainar da ya ci wasan ƙarshe da tsagaggen haƙarƙari. Kafin na kai na bakwai hankalinsa ya dawo. Abin ya ba ni tsoro.

Lahadi, 3 Afrilu
Mudir, shugaban aikin, ya tare ni: "Ya Sha'aban, muhandis lafiyarsa kuwa?" Injiniya yake nufi. Na ce ƙalau. A gidanmu ba a tona asirin babba, balle wanda ka ci abincinsa. Ga kuma iƙamata, takardar zamana a ƙasar, da kwangilarsa take ɗaure. Ran da ya tafi, ni ma sai huruj, wato ficewa daga ƙasar, in koma wa matata Hansai da yara hannu rabbana. Basiru, abokin ɗakina a unguwar Shumaisi, ya ce, "Wallahi ka bi a hankali. Gini yake dubawa fa, ba shayi yake sayarwa ba." Ban kula shi ba.

Talata, 12 Afrilu
Saƙo ya zo, Ekat ya mutu. Injiniya ya ɗiga masa ja. Sannan ya ɗiga wa kansa, ina gani ta madubi.

Da muka isa wurin aiki ya hau bene na biyu, ya ce a cire sandunan da suka tokare rufin kankaren da aka zuba jiya. Jiya-jiyan nan, ko bushewa bai yi ba! Mutum bakwai ne a ƙarƙashi. Nafi'u, birkilan nan ɗan Maraɗi, ya ƙi taɓawa. Bai dubi Injiniya ba, ni ya duba. "Kai ka sani, ko? Tun yaushe?"

Laraba, 13 Afrilu
Na je wurin Mudir da ƙafata. Na faɗa masa komai. Kunya kamar in nutse.

Alhamis, 28 Afrilu
'Yar Injiniya ta zo ta tafi da shi. A filin jirgi ya damƙa mini hoton, ya ce, "Riƙe, Ekat. Kar ka bari su ɓata." Na tambayi 'yar ko akwai mai son sa a garinsu. Ta ce kulob ɗin ma babu shi, wurin ajiye motoci ne yanzu.

Juma'a, 6 Mayu
Takardar huruj ta fito, saura kwana tara. Na gaya wa Hansai, ta ce Allah ya kawo ni lafiya.

Basiru ya ce in jefar da hoton, me ya haɗa ni da waɗannan mutanen. Gaskiyarsa. Ina ɗaure kaya na ji bakina na jero su, sha biyar cif, ko ɗaya bai kuɓuce ba. Na sa shi cikin fasfo ne kawai don kar ya lanƙwashe.

Ɗigon da ke ƙirjin Injiniya dai na kankare shi da reza. Mutumin bai mutu ba tukuna.