Tabon Ƙahon da ke Bayana Shi ne Shaidar da Kuke Nema

Zuwa ga Shugaban kamfanin inshorar lafiya da ke riƙe da katunan malaman makarantarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hajara, ina zaune a Dogo Nini cikin garin Potiskum, kuma shekara goma sha shida ke nan ina koyar da lissafi a wata firamare da ke kan hanyar Mamudo. Na rubuto maka a fili ne, inda kowa zai karanta, domin sau biyu ina rubuto muku a rufe cikin ambulan, amsar kuma ba ta wuce layi ɗaya ba: wai aikin da nake nema na kwalliya ne, ku kuwa ba kwa biyan kwalliya.

Bari in faɗi sunan aikin tun da wuri. Tiyatar rage nono ce. Ga shi na rubuta, ƙasa kuma ba ta tsage ba. Na san cikin dangina akwai masu karanta wannan su rufe fuska, su ce Hajara ta zubar da mutuncin gida. Su yi haƙuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye nawa sama da shekara ashirin, abin da na samu kawai shi ne bayana ya lanƙwashe.

Na ɗaya. Ga abin da kuke kira kwalliya. Tun ina budurwa Allah Ya yi ni da girman ƙirji, kowace haihuwa kuma sai ya ƙaru bai koma ba. Yanzu igiyar rigar mama ta haƙa rami a kafaɗuna biyu, yatsa yana shiga ciki. Idan bazara ta yi, fatar ƙasan nono takan saɓule ta yi ruwa, in yi ta barbaɗa hoda kamar mai jego da jariri. Napep ɗin da nake hawa zuwa makaranta, in ta faɗa rami sai na rungume ƙirjina da hannu biyu, direba yana zaton addu'a nake. Shekara uku ke nan a zaune nake sallah, ban kai goshina ƙasa yadda nake so ba. Wannan yana yi mini ciwo a rai fiye da ciwon bayan.

Na biyu. Jami'in da kuka turo ya duba ni bai duba ni ba. Na shiga ofishinsa da hijabina har ƙasa, irin wanda duk matan unguwarmu ke sawa. Ya ɗaga kai sau ɗaya, ya sa na hau sikeli, ya rubuta. Bai nemo mace ta shiga da ni ɗaki ba, bai tambaye ni me ke ƙarƙashin hijabin ba. Ya ce in rage tuwo, sannan ya ƙara da dariya cewa in gode wa Allah, wasu matan da kuɗinsu suke neman abin da nake son zubarwa. Ranka ya daɗe, a kasuwar shanun garin nan ko dillali ba ya yi wa sa kuɗi daga nesa, sai ya zagaya shi ya ga gabansa da bayansa. Na fito daga ofishin nan cike da baƙin ciki, ban tanka masa ba saboda tarbiyya. Yau na tanka.

Na uku, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kun ce ba ni da tarihin jinya a fayil. Kun ce kafin ku amince sai an ga takardun da ke nuna na daɗe ina zuwa asibiti da wannan matsala, kuma na gwada wasu hanyoyin magani sun gaza. To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari, zan fara da nawa laifin. Gaskiya ne, duk zuwan da na yi asibiti ban taɓa buɗe baki na ce wa likita namiji nono ne ke damuna ba. Nakan ce baya, a ba ni ƙwayar ciwon jiki in tafi. Haka aka raine mu. Macen da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari don kunya, ita ce za ta zauna gaban baƙon namiji ta kira sunan ƙirjinta?

Amma kada ku ce ban nemi magani ba. Na nema inda mata irina ke nema. Goggona da ke Fika matar wanzami ce, ita ke yi wa mata ƙaho a cikin gida. Kowane hutun makaranta nakan je, ta kwantar da ni a tabarma, ta kafa mini ƙaho daga wuya zuwa tsatso, ta tsaga, ta zuƙe jini, ta ce mataccen jini ne ke hana ni sakat. In ji sauƙi kwana huɗu, ciwo ya dawo. Ita ce ta koya mini ɗaure ƙirji da tsohon zani tamau kafin in sa riga, har numfashi ya riƙa yi mini wuya a aji. Na sha gashi da ruwan zafi, na sha shafa man zafi na kemis har mai kemis ɗin ya daina tambayata me zai ba ni. Goggo ba ta da hatimi, ba ta ba da rasit, ba ta ma iya boko ba. Abin da ta rubuta, a fatata ta rubuta shi. Tabon yana nan jere a bayana, sahu bisa sahu, tsoho ya dushe, sabo yana kansa. Duk mai ido zai iya karanta shekarun.

Wanda ya tsara muku wannan sharaɗi bai san matan ƙasar nan ba. Ya ɗauka mace na jin ciwo za ta ruga asibiti a buɗe mata fayil. Mu sai tura ta kai bango muke zuwa, sannan ku tare mu a ƙofa ku ce ina takardun shekarun baya.

Na huɗu. Ba ni na yanke wa kaina wannan aiki ba. Wata likita ce, 'yar Filato, Kirista, Allah Ya saka mata da alheri. Ita ce mutum ta farko da ta rufe ƙofa ta ce in cire hijabi. Da ta ga kafaɗuna da bayana sai ta tambaye ni yadda nake iya tsayawa a aji. Ta sa aka ɗauki hoton ƙashin wuyana, ta tura ni gashin ƙashi na asibiti wata uku, na je ban yi fashi ba. Na rage tuwon da jami'inku ya ce, zannuwana sun yi mini yawa, ƙirjin yana nan inda yake. Ba ni da ciwon suga, ba ni da hawan jini, ba na shan taba. 'Ya'yana huɗu, autan na yaye shi shekara biyar da suka wuce. Likitar ba ta ruɗe ni ba, ta gaya mini za a bar tabo, kuma mai yiwuwa ba zan sake shayarwa ba. Ni da maigidana mun zauna mun yarda. Ya je ya tambayi malaminsa ko wannan canza halitta ne, aka ce masa neman magani ne tunda lalura ce. Wasiƙar likitar da hoton suna hannunku. Me ya rage?

Na biyar. Ga abin da zan rasa. Tun bara hannuna na dama ya fara macewa. Idan na ɗaga shi zuwa saman allo, yatsuna su yi sanyi, alli ya suɓuce. Yara 'yan aji biyar har sun saba, na gaba yakan ɗauko mini ba tare da na ce komai ba. Likita ta ce nauyin ne ke danne jijiya. Hedimastanmu mutumin kirki ne, amma ya gaya mini gaskiya: in aka dawo daga babban hutu ban iya rubutu a allo ba, zai ba wani ajina, ni in koma ofis in zauna da rajista. Ni ba a ɗauke ni aiki don gadin rajista ba. Koyarwa na iya, ita nake so, kuma shekara goma sha shida ana cirar rabonku daga albashina kafin ya iso hannuna, ban taɓa cewa uffan ba.

Saboda haka ina neman abu uku. Ku janye kalmar kwalliya daga fayil ɗina, domin zagi ce. Ku sa likita mace ta sake duba ni a ɗaki rufe, ta rubuta abin da idonta ya gani. Ku ba da amincewa kafin babban hutu, don in samu lokacin warkewa in tarar da ajina. Kuma ba alfarma nake roƙo ba, haƙƙina ne.

Idan hutu ya kama ban ji daga gare ku ba, zan zo ofishinku da kaina, da hijabina, da Goggo a gefena. Zan zauna a bencin baƙi, in yi sallata a zaune a nan inda ma'aikatanku za su gani, har sai an kawo macen da za ta ɗaga rigar nan ta ƙirga tabon. Kunya ta ci mini shekara ashirin, ba zan ba ta ajina ba.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare matanka da 'ya'yanka mata daga ciwon da ba sa iya faɗa. Ka yi haƙuri da rubutun asalin takardar da na aiko maka, ya karkace daga tsakiya. Da dama na fara, da hagu na ƙarasa.

Wassalam.

Malama Hajara,
Dogo Nini, Potiskum.