Labarin Pwajok na Filin Kuza

Jos, 9 ga Maris, 1978

Zuwa ga abokina Ɗanbala,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Jummare da yara. Yaya Kaduna, yaya aikin masaƙa?

Ka tambayi labarin Pwajok, sakataren ƙungiyarmu ta leburorin kuza. Yana nan yadda ka bar shi: riga biyu, keke ɗaya, da jakar takardun gurguzu. Har yanzu maganarsa ita ce ƙasa da injin na masu gumi ne, kuma gyara ba zai yi ba sai juyin juya hali. An ba shi aikin akawu a ofis, ya ƙi. Matarsa Kaneng ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Kamfani zai rage ma'aikata ɗari biyu. Manaja ya tara dattawan ƙauyenmu ya ce baƙi kaɗai za a sallama, 'yan ƙasa su zauna. Dattawa sun yarda. Ran Lahadi bayan coci Pwajok ya miƙe a gabansu ya ce, "Bahaushe da Birom rami ɗaya suke shiga, laka ɗaya suke sha. Wanda ya raba ku yau, gobe ku zai kora." Kawunsa ya ce masa ya zauna. Bai zauna ba.

Ni dai ban ce komai ba. 'Ya'yana biyar.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Badung

Jos, 2 ga Mayu, 1978

Ɗanbala,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Jummare? Allah ya ƙara sauƙi.

An yi yajin aiki, kwana shida. Baƙi duk sun fito. Daga cikinmu 'yan ƙasa mutum tara ne kawai suka bi Pwajok, ba na cikinsu. Ran na bakwai 'yan sanda suka ɗauke Pwajok a Titin Bauchi yana raba takardu. An sallami baƙin. Hamman, wanda kuka yi ɗaki ɗaya da shi, ya koma kiwo wajen Vom.

A ƙauye ana cewa Pwajok ya sayar da danginsa. Kaneng tana sayar da tumatir a kasuwa.

Naka,
Badung

Jos, 20 ga Janairu, 1979

Abokina Ɗanbala,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya.

Kamfani ya rufe filinmu a Disamba. An sallame mu duka, har kawun Pwajok. Ramukan sun cika da ruwa, gona ba ta yiwuwa a wurin.

An saki Pwajok ran Talata. Ya rame, yana tari. Na je gidansa na zauna, ina jira ya ce ai ya faɗa mana. Bai ce ba. Na fara ba shi haƙuri, sai ya katse ni, ya tambaye ni mutum nawa aka kora. Na ce ɗari huɗu da sittin. Ya ce, "To, yanzu mun yi yawa. Ina za mu sami wurin taro?"

Na ce tsakar gidana tana da faɗi.

Taron ran Asabar mai zuwa ne, ƙarfe huɗu. Kaneng ta ce za ta kawo benci. Idan ka san inda sauran da suka tafi suke, aiko mini da sunayen garuruwansu.

Ka gaida Jummare.

Naka,
Badung