Alƙaluma Goma Sha Biyu

Da sunan Allah Mai rahama. Daga mahaifi zuwa ga ɗansa na fari, wanda ya riga shi zuwa gidan gaskiya. Aminci ya tabbata a gare ka a makwancinka, tare da rahamar Allah da albarkarsa.

Bayan haka, damina uku ke nan da muka binne ka a Bunguɗu. Har yau mutane suna buga misali da haƙurina. Na ɗauki alƙalami ne domin in faɗa maka abin da ke ƙarƙashin wannan haƙuri.

Kana tuna yadda kawunka, maharbin Kekun Waje, yake zuwa bayan kaka ku gangara bakin gulbi yankan sheme, karan da ake ɗaura wa ƙarfen kibiya, wanda Kanawa ke kira kyauro. Kakan dawo da yamma, ƙafafu duk kaushi, ka tsuguna a ƙofar zaure kana bayani ba tare da an tambaye ka ba. A zaɓi mai kaurin ƙaramin yatsa, mai nisan gaɓa. A shanya a inuwa, domin rana tana tsaga shi. A gifta shi bisa garwashi, a miƙar da hannu, a rufe ido ɗaya a duba. Idona yana kan littafi, amma babu kalmar da ta wuce ni. Na yi mamakin hannunka ƙwarai, ban kuwa taɓa faɗa maka ba.

Ni malami nake so ka zama. Wata safiya cikin marka, kana da shekara goma sha bakwai, ka yi tuntuɓe sau uku a babin fiƙihun da muka karanta jiya. Ban ɗaga murya ba. Na shiga ɗakinka na kwance ƙunshin shemen da ke rataye a rufi, guda goma sha biyu, zaɓaɓɓun da ka yi wa kawunka alkawari. Na zauna na fere su ɗaya bayan ɗaya, na mayar da su alƙaluma, na raba wa ɗalibai.

Da innarka ta tambaya, na ce na zaci karan alƙalami ne. Ƙarya na yi. Kowane ɗaya ka riga ka yi masa tsaga a gindi, inda tsarkiyar baka ke zama, ka naɗe da jijiya. Duk wanda ya ga wannan tsaga ya san ba don tawada aka yi ta ba.

Ka dubi ɓawon da ke kan buzuna, ka ce, “Malam, alkawari ne fa.”

Kawunka yakan ce, “Ba a yankan sheme sai gulbi ya koma ɗakinai.” Ka fi ni sanin haka. Ka san ɗanye ba ya yin kibiya, ka san ruwa ya shanye gaɓa. Duk da haka, bayan kwana uku ka ɗauki wuƙa ka tafi gulbi kai kaɗai, domin kunyar zuwa gabansa hannu wofi. Makiyaya ne suka tsamo ka washegari, nesa da mashigi.

A zaman makoki ni ne na riƙa tunasar da jama'a ƙaddara. Kawunka ya zauna a gefen tabarma yana kuka kamar yaro, yana cewa shi ya nuna maka hanyar gulbi, shi ya kashe ɗan ƙanwarsa. Ina jinsa. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta sauke masa wannan kaya, sai na ce masa, “Yi haƙuri.” Tun ranar bai sake ɗaura tsarkiya ba. Kwarinsa yana rataye, ƙura ta rufe shi.

Ajali ba ya gaba ba ya baya, na sani, na kuma karantar da shi shekara talatin. Amma na san wuƙar da ta fere hanyar, da hannun da ya riƙe ta.

Alƙalami ɗaya cikin goma sha biyun nan ya rage a wurina, da shi nake wannan rubutu. Ba ya riƙe tawada da kyau, ba don haka ka yi shi ba. Tsagarka tana nan a gindinsa, babban yatsana yana taɓa ta a kowane layi. Gobe da hantsi, in Allah ya kai mu, zan fara faɗa wa innarka gaskiya, sa'an nan in taka zuwa Kekun Waje in ajiye alƙalamin nan a hannun kawunka, in faɗi abin da na faɗa maka. In ya yafe, falala ce. In ya juya mini baya, haƙƙinsa ne.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya shayar da kai daga ruwan da ba ya cin mutum. Ya sa ka yafe mini kafin ranar da za a tambaye ni.

Ɗan fari ne kai, saboda haka alkunya ta hana ni kiran sunanka, shekara goma sha bakwai ina ce maka “kai wane”. Bari in rubuta shi sau ɗaya da karanka.

Sa'idu. Ɗana Sa'idu.

Wassalamu, daga mahaifinka mai neman gafararka.