Kufe Ce, Ba Kufai Ba

Anti Hadassah, ki taimake ni don Allah, ruwa na neman ƙare wa ɗan kada, a cikin Kaduna kuma. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na sallami malamai, sun kasa da ni. Amma in zancen sitiyari ne, ki tambaya daga Romi har Rido, ba ni da na biyu.

Maganar mota ce. Marigayi babana ya yi shekara ashirin a kamfanin Fijo na Kakuri. Wani Bature da suka yi aiki tare, da zai koma gida, ya sayar masa da tasa. Fijo 504 kufe, wato mai ƙofa biyu, shuɗiya, ƙugu kamar zanzaro. Ba irin wadda aka haɗa a nan ba ce fa, jirgin ruwa ta hau ta zo. Ran Lahadi in Baba ya faka ta a coci, har masu waƙa sai baiti ya ɓace musu. Da ita ya kai ni ran aurena.

Yanzu shekararta goma sha ɗaya a gindin mangwaro, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Ƙanena Wilson wai ba kufe ba ce, kufai ce. Kwanaki ya jawo wani mutum daga Legas mai tara tsofaffin motoci. Mutumin da farar rigarsa ya kwanta a ƙasa yana leƙe, ya goge wata 'yar lamba a jikin inji da hankici, kawai sai ya fara ce mini oga. Na ce a raina, a'a, akwai magana. Na ƙi sayarwa. Tun ranar Wilson ko gaisuwa, wai shi ma ai ɗan Baba ne.

Ni kuma na riga na buga ƙirji gaban dangin ango cewa 'yata Favour a motar nan za ta je coci ran aurenta a Disamba, ni a sitiyari. Har na ce in ban yi ba a aske mini gashin baki. Anti, gashin bakin nan ya girmi amaryar.

To ga dabara. Makanikena Uche ya ce a zuba mata injin Japan, a fesa ja, a sa taya mai ƙyalli da sifika. Tsohon injin ma mun sauke, yana bayan gida, ɗan gwangwan zai zo da sikeli ran Asabar. In ɗan Legas ya ga sabon gyara ai sai ya yi kuka. Ni ba gudu ba ja da baya. Wilson ne kawai matsalata. Yaya zan rufe masa baki?

Sarkin Sitiyari, Romi

Sarkin Sitiyari, ranka ya daɗe. Kafin ka ƙarasa karanta wannan, kira ɗan gwangwan ka ce kada ya zo. Injin da za ka ɗora a sikeli, shi ɗan Legas ya kira oga, ba kai ba.

Na yi tambaya wurin masana. An fara ƙera wannan samfuri a 1969, aka daina a 1983. A Italiya aka zana jikinta, kuma duk duniya ba a yi dubu talatin ba. Irinta ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Masu tara irin waɗannan motoci asali suke saye: injin da ta fito da shi, lambarsa, launinta na farko, takardunta. Ran da ka fesa ja ka zuba na Japan, ran nan maganar Wilson za ta tabbata, kuma da hannunka.

Kana da gaskiya, abin da uba ya bari ba a rabuwa da shi da gaggawa. Wilson ma yana da tasa. Gadonku ne ku biyu, kuma shekara goma sha ɗaya yana kallon rabonsa yana tsatsa. Ba bakinsa za ka rufe ba, ƙofar gidansa za ka buga. Ku yi yarjejeniya gaban wani babba: a tashe ta tare, a yi biki, bayan nan ku yanke shawarar riƙewa ko sayarwa, ku biyu.

Batun gyara kuma, Kakuri ba ta rasa tsofaffin da suka yi aiki da babanku ba. Nemo ɗaya ya tsaya a kan Uche. A fara da birki da taya. In injin asali bai tashi kafin Disamba ba, a ɗora na wata Fijo na wucin gadi, a shafe naku da mai, a rufe shi a ɗaki. Launi kuwa, shuɗi.

Ranar biki, kada ka cusa amarya da doguwar riga a baya, wurin kaji. Ta zauna gaba kusa da kai, inda ka zauna kusa da babanka. In an tashi coci, miƙa wa Wilson makulli ya maido motar gida.

Allah ya sa albarka a auren Favour, ya kuma bar maka gashin bakinka.

Anti Hadassah